Zuwa ga 'yata, kan son kai a na'ura mai basira

Gombe

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan karatu na tafiya lafiya. Kin tambaye ni wa ke da gaskiya a gardamar ajinku: masu cewa a sa ƙirƙirarriyar basira ta rama wa waɗanda tarihi ya danne, ko masu cewa a ƙyale ta yadda take. Irin wannan ja-in-jar muke yi a ƙasar nan kan rabon gurabe tun tsarin mulkin 1979.

Masu cewa a ƙyale ta sun manta cewa abin da aka ɗura mata shi take amayarwa. Amazon ta horar da manhajar tace masu neman aiki da takardun shekara goma, galibinsu na maza, sai ta koyi rage wa mata maki, dole aka jingine ta. A 2018 masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajoji uku masu gane jinsi ta fuska. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata ya kusa kashi 35.

Ɗaya ɓangaren ma kada su ruɗe ki. A Fabrairun 2024 Google ta dakatar da zanen mutane a manhajarta Gemini, bayan ta fito da sojojin Jamus na zamanin Hitila baƙaƙen fata. Garin neman gira aka rasa ido, domin a bakin fita suka yi gyaran, tushen kuwa yana nan.

Ke dai fara daga bayanan horarwa, wato abin da ake ɗura wa na'ura ta koya. Ƙirga su: maza nawa, mata nawa, birni nawa, ƙauye nawa. Wajen gwaji kada ki amince da maki ɗaya na jimla, yana ɓoye ɓarna. Ware kowane rukuni ki auna kuskurensa daban, inda ya yi yawa ki ƙaro misalai. Ki kuma kula da lanƙwasar haruffa, don in aka share ta, ƙafa da kafa sun zama abu ɗaya a wurin na'ura.

Ki gwada na'urar da yaƙin Burmi na 1903, nan jiharmu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Rahoton Turawa ya daɗe a buge da boko, namu kuwa da yawa yana cikin ajami da bakin dattawa. Kada ki umarci na'ura ta juya labarin. Ki nemo takardun, a ɗauki hotonsu, malamin da ya iya ajami ya karanta, a buga, sannan a ba ta.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki