Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Taraba: Mai Injin Ƙauye Ba Shi Ya Cinye Madobiya Ba

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa.

Dokar hana sare dazuka da gwamnatinka ta kafa a 2023 ta zo a kan gaɓa, ba mu ja da ita. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne an zuba mai injin tsaga katako na ƙauye da mai kwantenar fitar da gungume ƙasar waje a kwando ɗaya.

Sana'ar nan ta girmi jihar kanta. Tun zamanin Gongola, kafin a yanko Taraba a 1991, iyayenmu da zarton hannu suke tsaga gungume, mutum ɗaya a sama, ɗaya a cikin rami, garin katako na zubo masa a ido. Daga baya injin dizal ya zo. Maɗaci ɗaya ko kawo sai ya riƙe inji kwana da kwanaki, a fitar da falanki da tubaifo, kafintan gari ya yi ƙofa, ya yi bencin makaranta, ya yi makara. Abin da gari zai ci shi ake yanka, shi ya sa daji bai koka ba.

Sai guguwar madobiya ta taso, wadda yara suka laƙaba wa madirid. Wanda ya bi hanyar Garba Chede zuwa Bali a waɗancan shekarun ya ga tulin gungume a bakin titi, an fafe su kusurwa huɗu, tirela na kwasa zuwa Legas, daga can sai Sin. Ko tsinke ba a tsaga a injinmu ba. A 2017 aka sa itacen cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya. Kafin nan an gama aika-aikar. Har makiyayin da ke sassabe ganyenta wa shanu da rani ya ji a jikinsa.

Waɗanda suka ci moriyar sun tattara sun yi gaba. Mu da ba mu da wurin zuwa, mu ne dokar ta tarar. To madalla!

Ranka ya daɗe, don Allah a raba mu. A yi wa ƙananan injuna rajista, a ba mu lasisi mai iyaka, malamin daji ya buga wa itace hatimi kafin a kayar da shi, wanda ya ƙetare a rufe injinsa. A ɗora mana sharaɗin dashe, melaina da tik da ita kanta madobiyar, za mu ɗauka. Amma ina gandun renon da za mu sayi irin? Hani kaɗai ba ya tsirar da itace.

Kamfanin katakon jiha da ke Baissa kuwa, ka fi mu sanin halin da yake ciki. Shingayen haraji a hanya ma sai wani jiƙon.

A fara da rajistar tukuna.

Naka,
Wani mai injin katako, Ƙaramar Hukumar Bali