Ba Hauka Ya Haifi Dada Ba, Yaƙi Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da ta fito a shafinku na adabi kan mawaƙa da masu zanen Turai na farkon ƙarni na 20, waɗanda marubucin ya ɗauka mahaukata ne da suka yi wa hankali bore. Na ji daɗi da kuka buɗe wannan fage, don da wuya a tattauna shi da Hausa. Sai dai marubucin ya kawo abin da suka yi, ya bar abin da ya sa suka yi shi, kuma duk wanda bai ji dalilin ba dole ya ce shirme ne.

A watan Fabrairun 1916 wasu mawaƙa biyu 'yan Jamus, Hugo Ball da Emmy Hennings, suka buɗe wani ɗan zaure mai suna Cabaret Voltaire a birnin Zurik na Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. A nan aka haifi ƙungiyar Dada, ta mawaƙa da masu zane da suka yi wa hankali bore, kuma da dama daga cikinsu gudun yaƙi ne ya kai su can. A cikin wannan watan ne Faransa da Jamus suka fara gwabzawa a Verdun, aka shafe wajen wata goma, mutum kusan 300,000 suka halaka. Ranar 1 ga Yuli, a bakin kogin Somme, Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 19,000 kafin rana ta faɗi.

To, su wa suka shirya wannan kisa? Ba jahilai ba ne. Ƙasashe ne masu manyan jami'o'i da injiniyoyi, waɗanda suka yi shekara fiye da ɗari suna shelar cewa hankali da kimiyya za su kawar da zalunci daga doron ƙasa. A duba Fritz Haber, masanin sinadarai na Jamus. Shi ya gano hanyar da a yau ake bi a haɗa takin zamani, wannan takin da manomanmu ke nema ido rufe kowace damina. Shi ɗin ne kuma ya jagoranci sakin iskar guba a kan sojoji a Ypres ta Beljiyam ranar 22 ga Afrilun 1915, kuma cikin waɗanda ta fara shaƙewa har da 'yan Aljeriya da Faransa ta kwaso su yi mata yaƙi. Bayan haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Kai ɗaya, ilimi ɗaya, lissafi ɗaya. Wannan ne ya tsaya wa matasan Zurik a rai, kuma ni ma duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Saboda haka da Ball ya hau dandamali sanye da rigar kwali yana rera waƙar da babu kalma mai ma'ana a cikinta, yana sane da abin da yake yi. Hujjarsa ita ce jaridu da masu mulki sun gurɓata harshe, da daɗin baki suka tura samari lahira, shi kuwa ba zai yi waƙa da kalmomin da aka yi wannan aiki da su ba. André Breton ma, wanda ya kafa Suriyalizim, wato salon adabi da zane mai bin mafarki, a Faris a 1924, ɗalibin likitanci ne da ya yi jinyar sojojin da rugugin igwa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. A can ya san ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud cewa akwai abin da ke juya mutum daga can ƙasan zuciya ba tare da saninsa ba, daga nan ya koma neman gaskiya a mafarki.

Ba duka nake wankewa ba. Filippo Marinetti na Italiya tun a 1909 ya fito yana kirarin injina da gudu da ƙarfin tuwo, yana cewa yaƙi ne ke tsarkake duniya, ƙarshe kuma ya bi Mussolini, shugaban kama-karya na Italiya. Wannan ya isa ya nuna cewa yar da hankali ba ya sa mutum ya zama mai tausayi. Amma zuba shi kwando ɗaya da mutanen Zurik, kamar yadda maƙalar ta yi, rashin adalci ne, don shi yaƙin yake so, su kuwa shi suke ƙyama. A tuna kuma cewa zargin hauka ba sabo ba ne: da shi 'yan Nazi suka yi wa irin waɗannan zane-zane ba'a a baje kolin da suka shirya a Munik a 1937.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wanda aka tsallake gaba ɗaya. Da sunan wayewa da hankali Turawa suka mallake Afirka. Breton da abokansa sun fito fili sun yi adawa da yaƙin da Faransa ta yi da mutanen Rif na Maroko a 1925, kuma a 1931, lokacin da aka shirya gagarumin baje kolin mulkin mallaka a Faris, sun raba takardu suna kira ga jama'a kada su je.

Ina roƙon ku ba marubucin dama, ko wani malamin tarihi, ya dawo da kashi na biyu wanda zai fara daga fagen yaƙi, ya kuma ba da labarin 1925 da 1931 filla-filla.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Zariya