Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Binciken Sararin Samaniya Ta Nijeriya (NASRDA) Kan Koyar Da Lissafin Falaki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi ne, kuma tauraron ɗan Adam na sadarwa na Nijeriya mai suna NigComSat-1R ne ya sa na ɗauki alƙalami. Daga Xichang ta ƙasar Sin aka harba shi a Disambar 2011, an ƙera shi don ya yi shekara 15 yana aiki, wato wa'adinsa 2026. Sayen sabo dole ne. Damuwata ita ce matasan da za su tsara tafiyar wanda zai gaje shi, su kuma riƙe shi a mazauninsa.

Tauraron sadarwa irin wannan yana zaune ne kilomita 35,786 saman layin ikwaita, inda zagayensa ɗaya ya yi daidai da juyawar duniya sau ɗaya, shi ya sa farantin dish ɗin da ke kan rufin gida ba ya buƙatar juyawa. Amma zaman nan ba na hutu ba ne. Rana da wata suna janyo shi, falakinsa, wato hanyar da yake bi yana zagaya duniya, yana karkacewa kusan digiri ɗaya a shekara, sai an riƙa kunna ƙananan injinansa ana mayar da shi. Kowace kunnawa tana cin mai, kuma babu gidan mai a can. Ƙarewar man ita ce ƙarshen aikin tauraron, har ma sai an rage ɗan saura da za a tura shi kimanin kilomita 300 sama, ya bar wa wasu wurin. Injiniyan da ya iya wannan lissafi, wato lissafin falaki, yana iya ƙara wa tauraro watanni na aiki, kuma watannin nan kuɗin al'umma ne.

Indiya ta nuna abin da wannan ilimi ke yi. Rokarsu ba ta da ƙarfin jefa kumbon Mangalyaan kai tsaye zuwa duniyar Mars a 2013, sai suka riƙa faɗaɗa falakinsa a kewayen duniya kaɗan-kaɗan, har ya isa Mars a Satumbar 2014.

Mu ma ba daga sifili muka faro ba. Injiniyoyinmu da aka horar a Surrey ta Ingila su suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da aka harba a 2011, jami'ar FUTA ta Akure kuma ta sa hannu a ƙaramin tauraron Nigeria EduSat-1 a 2017. Sai dai haɗa tauraro sana'a ce daban, tsara tafiyarsa ma sana'a ce daban, kuma ta biyun ta fi arha nesa ba kusa ba. Kwamfuta take buƙata, da ɗalibin da ya san dokokin Kepler da na Newton kan motsin abubuwa a sararin samaniya, da manhajar tsara tafiyar tauraro mai suna GMAT wadda hukumar NASA ta Amurka ta saki kyauta.

Roƙona, ranka ya daɗe, hukumarka ta haɗa kai da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da ta Maiduguri, a buɗe darasin lissafin falaki na zango guda ga ɗaliban fiziks da lissafi da injiniyanci. Injiniyoyinku su zo su koyar da kansu, su kawo bayanan taurarinmu na gaske, a ba kowane rukuni aikin tsara tafiya tun daga harbawa har ritaya. Waɗanda suka yi fice a ɗauke su horon aiki a cibiyarku ta Abuja.

Na gode, Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Malamin lissafi daga Zariya