Halittun can ƙasan teku fa, Malam Edita?

Assalamu alaikum. Don Allah shafinku na kimiyya ya taɓo mana dangin tauraron teku mana, wato dabbar ruwan nan mai siffar tauraro, kullum sai zaki da giwa. Jiya ɗana ya nuna min a waya wani abu kamar ƙaton kokwamba yana jan ciki a ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa sam, laka yake haɗiya ya tace abincinsa kamar tana, har ramin Mariana na cikin tekun Pasifik mai zurfin kusan kilomita 11 akwai su. Shi ma dangin tauraron teku ne. Dangin sun kai kala 7,000, ba su da ƙwaƙwalwa, in hannun tauraron ya gutsure sai wani ya tsiro, ikon Allah! Yaron wai mu je dam ɗin Dadin Kowa mu kamo, na ce sai ruwan gishiri suke zama.

Naku, mai karatu daga Tudun Wada, Gombe.