Barka da Sallah daga Manchesta

Assalamu alaikum Baba, Hajiya, Yaya da su Auta, barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu baki ɗaya.

Na san yanzu haka kun sauko daga Idin Ƙofar Mata, an yanka rago an rataye shi a tsakar gida sai gobe a sauke, Hajiya kuma na kan suyar kayan ciki hayaƙi ya cika gidan, wallahi ƙamshin nan har a hancina nake jinsa. Mu nan Ingila doka ba ta bari ka yi yankan layya a gida, sai a mahautar da gwamnati ta ba lasisi, kuɗi kawai ka biya mai shagon halal bayan kwana biyu a miƙo maka nama a leda, ko fuskar ragonka ba ka gani ba. Daga masallaci ma wurin aiki na wuce.

Baba labarin da nake so in ba ku shi ne na tsohon nan Bayahude da nake kula da shi a gidan tsofaffi, wanda na ce muku ya haura tamanin. Ya ganni da shadda da hula sai ya ce bikin me ake, na ce masa ranar da Allah ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim da rago ce. Mutumin nan ya yi shiru, can ya ce in buɗe masa durowa, sai ga ƙahon rago a naɗe cikin ƙyalle, ya sha hannu har yana ƙyalli, na kakansa ne. Sunansa shofar, suna busa shi ranar sabuwar shekararsu wajen watan Satumba don tunawa da wannan ragon dai. Sai dai su a Attaura Annabi Is'haƙ ne aka kai yanka, mu kuma abin da Malam ya karantar da mu a Suratus Saffat Isma'il ne. Na faɗa masa namu ya faɗa min nasu, ba wanda ya ɗaga murya.

Zama da shi ya nuna min abubuwa da yawa. Ba ya cin alade, ba ya cin abin da ba a yanka ba, mahaucinsu ma sai ya bi bakin wuƙa da farce, in akwai 'yar tsaga komai ƙanƙantarta yankan ya lalace, sannan su barbaɗe naman da gishiri ya zuƙe jinin. Amma nasu ya fi namu tsauri, nama da madara ba sa haɗuwa, tukunya daban cokali daban, dokokinsu har 613. Yaro kwana takwas ake masa kaciya a raɗa suna. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar kuwa ko fitila ba ya kunnawa. Addu'arsa sau uku a rana yana fuskantar Baitul Muƙaddas, alƙiblar da mu ma muka kalla wata 16 ko 17 bayan hijira kafin a juyo mu Ka'aba.

Muna cikin haka abokiyar aikina ta shigo, Kirista ce 'yar Kafanchan amma a Sabon Gari ta tashi, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ta buɗo Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayarta, Farawa sura 22, ta karanta mana har inda aka ga ragon ƙahonsa ya sarƙe a kurmi. Ta ce su ba sa layya saboda a wurinsu Annabi Isa ne Ɗan Rago na Allah, hadayarsa ta wadatar. Nan kam hanya ta rabu, don mu Alƙur'ani ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, na faɗa mata haka kuma ta sani, ta sha ji a Kano. Duk da haka ita ta karɓar min aikin yamma don in samu in kira ku, ta ce ba ta manta naman Sallah da maƙwabta ke aiko musu ba.

Don Allah Hajiya in an sauke ragon gobe a ware cinya guda a kai wa mamanta a Sabon Gari, zan turo wa Yaya kwatancen gidan. Auta ki ɗaukar min bidiyon Hawan Daushe, kar ki tsaya nesa irin na bara. A gaishe da Gwaggo da jiki, kuɗin maganinta na nan tafe ranar Litinin in sha Allahu.

Ɗanku mai kewarku.