A Ba 'Yan Kwangilar Gida Aikin Sharar Fili Da Haƙa A Gombe, Amma A Tantance Su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan aikin sharar fili da haƙa, da kuma mutanen da ake damƙa wa wannan aiki a Jihar Gombe. Tun da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Bauchi a 1996 garin Gombe yake ta faɗaɗa, ta Tumfure da hanyar Dukku da hanyar Biu, kuma ko titi za a yi ko makaranta ko sabuwar unguwa, katafila ce take fara shiga kafin magini ya ɗora bulo ko ɗaya. Ra'ayina shi ne a riƙa ba 'yan kwangilar gida wannan aiki kai tsaye, muddin na gaske ne masu injina da direbobi.

Babban dalilina shi ne sanin ƙasa. A cikin garin Gombe da yammacinsa rairayi ne sako-sako, ga shi garin yana kan gangare, ruwa yana tahowa daga tudun yamma ya nufi gabas da ƙarfi, abin da ya haifar da kwarurukan da suka ci gidaje masu yawa. Ta wajen Deba da Dadin Kowa da Cham kuwa akwai baƙar laka wadda take kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har ta tsaga ginin da ba a kwashe ta an cike masa da jar ƙasa ba. Direban da ya yi shekaru yana aiki a waɗannan wurare ya san inda injinsa zai kafe, ya san inda bututun ruwan da ke zuwa daga Dadin Kowa ya bi, ya san tsohuwar maƙabarta da burtalin da babu su a taswira, in kuma bai sani ba ya san mai unguwar da zai tambaya.

Na ga yadda aka share wani fili a bayan gari da nufin yanka fulotai. Kamfanin da aka kawo daga nesa ya sa katafila ta kankare komai, ƙasar sama da ciyawa da ɗorawa da tsamiyoyin da suka girmi yawancinmu, sannan aka tura baraguzan aka toshe wata 'yar hanyar ruwa da ta ratsa tsakiyar filin, domin adadin fulotai ya ƙaru. Wani dattijo mai gona a gefe ya ce musu, “'Ya'yana, nan fa ruwa ke bi,” babu wanda ya saurare shi. Da ruwan Agusta ya sauka sai ya nema wa kansa sabuwar hanya ta bayan gidajen mutane, kafin kaka ramin ya kai ƙugun babban mutum, masu aikin kuwa tuni sun ɗora injinansu a tirela sun tafi. Da ɗan gari ne ya yi wannan ɓarna, da an same shi a masallacin unguwarsu ko a gaban hakimi.

Abin takaicin shi ne gyaran irin wannan ɓarna da kuɗin bashi ake yin sa. Ayyukan toshe kwari da aka yi a Gombe a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, da waɗanda ake yi a ƙarƙashin shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, lamuni ne da za a biya. Haka nan tun 2019 gwamnatin jiha take dashen itatuwa a shirinta na 3G, saboda haka bai dace a ce ana ban ruwa ga dashe a wannan unguwa, ana tumɓuke ɗorawa mai shekara arba'in a waccan ba tare da wani dalili ba.

Duk wanda yake cikin harkar ya san cewa ko yanzu 'yan gida ne suke yin galibin haƙar. Babban kamfani ya karɓi kwangila, ya yanka wa wani, shi ma ya yanka wa mai katafila da mai tifa a kan farashin da bai taka kara ya karya ba, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai injin shi zai sayi man gas da tsadarsa, ya biya direba da yaran mota, ya gyara abin da ya karye, sannan ya yi watanni yana sintiri kafin a biya shi. Wanda aka matsa wa haka dole ya yi aikin gaggawa. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya ce hukumomin tarayya su fifita kamfanonin Nijeriya a ayyukan injiniya, kuma babu abin da zai hana jiha ta yi irin wannan tanadi ga nata mutanen.

Sai dai ba kowane mai cewa shi ɗan gida ne ya cancanta ba. Akwai waɗanda ba su da ko shebur, iyakacin jarinsu takardar rajistar kamfani da sanin wani babba, su karɓi kuɗin kafin alƙalami su sayar da aikin. Kafin a ba mutum kwangila, a je a ga injinsa yana aiki ko yarjejeniyar hayarsa, a ziyarci wurin da ya taɓa sharewa bayan damina ta bi ta kansa, a kuma tabbatar yana da injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya. A rarraba manyan ayyuka zuwa kashi-kashi yadda ƙaramin kamfani zai iya ɗauka. A sa safiyo ya auna wurin kafin a fara da bayan an gama, a biya gwargwadon ƙasar da aka kwashe, a kan lokaci, a riƙe wani kaso har sai damina ɗaya ta wuce. Ramukan da ake ɗibar jar ƙasa kuma a rubuta a yarjejeniya cewa sai an cike su ko an killace, domin su ne suke zama kududdufan da yara ke faɗawa.

Masu ginin kansu su ma su daina ɗaukar mai katafila da baki kawai. A rubuta ko da awa za a biya ko da awo, wa zai zuba mai, ina za a kai ƙasar da aka kwashe, waɗanne itatuwa ne za a bari, a kuma kafa turakun iyaka a gaban maƙwabta kafin injin ya motsa. Rami mai zurfi a cikin rairayi yana rufta wa leburori idan ba a kwantar da gefensa ko an tokare shi ba, don haka kada a tura kowa ciki saboda sauri.

Ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Gombe da shugabannin ƙananan hukumomi 11 da su buɗe rajistar masu injinan shara da haƙa na kowane yanki, su liƙa ta a sakatariya inda kowa zai gani, su kuma riƙa cire sunan duk wanda ya toshe hanyar ruwa ko ya bar rami a buɗe.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Gombe