Amsar tambayarka a kan Mai Shari'a Harlan

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a gaban jama'a me ya sa nake yabon John Marshall Harlan, alhali ya mallaki bayi, kuma siyasa ce ta kai shi Kotun Ƙolin Amurka. Duk abin da ka faɗa haka yake.

An haife shi a jihar Kentucky a 1833. A yaƙin basasa ya yi yaƙi a ɓangaren gwamnatin tarayya har ya kai muƙamin kanar, amma da aka zo gyaran tsarin mulki na 13 wanda ya haramta bauta, sai ya ƙi shi ƙememe. Ya riƙe muƙamin babban lauyan jiharsa daga 1863 zuwa 1867. Daga baya ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar Republican, ya nemi gwamna a 1871 da 1875, duka ya sha kaye. A taron jam'iyyar na fid da gwanin takarar shugaban ƙasa na 1876 ya karkata wakilan Kentucky ga Rutherford Hayes, shi kuma da ya hau mulki ya ba shi kujerar alƙali a 1877.

Yabona yana kan abin da ya yi bayan ya zauna a kujerar. A 1883 kotun ta rushe dokar 1875 wadda ta hana korar baƙaƙen fata daga masauki da jirgin ƙasa da gidajen wasa. Shi kaɗai ya ce bai yarda ba. A 1896 aka kawo shari'ar Homer Plessy, wanda aka kama a Louisiana don ya zauna a taragon Turawa. Alƙalai bakwai suka halatta wariyar. Harlan ya sake tsayawa shi kaɗai, ya rubuta cewa tsarin mulki bai san launin fata ba. Mutumin da ya tashi bayi suna yi masa hidima ne ya rubuta wannan, a lokacin da ba zai samu komai da shi ba sai baƙin jini a wurin mutanensa. Sai a 1954 kotun ta haramta wariya a makarantu, shi kuwa ya rasu tun 1911.

Sai dai ba zan wanke shi fes ba. A cikin wannan rubutu na 1896 ya yi magana mai zafi a kan 'yan asalin Sin, kuma a 1899 shi ya rubuta hukuncin da ya ƙyale wata hukumar ilimi a Georgia ta rufe sakandaren baƙaƙe, alhali tana ci gaba da tallafa wa ta Turawa. Wannan hukunci yana ci mini rai ƙwarai. In za ka kai maganarsa gaban ɗalibanka, don Allah ka ba su hukuncin 1899 su karanta tare da na 1896.

Na gode, a huta lafiya.